Duwatsun Balkisa

Balkisa na durƙushe a tsakar gida tana goge wani ɗan dutse da tsohon buroshin haƙori, sai ta ga inuwa ta rufe ta. Inna Hajara ce, uwar mijinta, riƙe da gwangwanin da ta jawo daga ƙarƙashin gadon amarya.

"Ke Balkisa, minene wannan?"

"Duwatsuna ne, Inna."

"Duwatsu da haƙora? Da ƙashi? Wane boka ya ba ki?"

Inna ta kifar da gwangwanin, suka watse. Balkisa ta bi su da rarrafe tana tsincewa, tana tsoron kada ɗaya ya fashe.

Tun tana lise, makarantar sakandare, a garin Tawa take wannan abu. Malaminsu ne ya taɓa nuna musu dodon koɗi da ya zama dutse, ya ce a zamanin da ruwan teku ya taɓa rufe ƙasar Adar. Ajin ya bushe da dariya, ita kuwa daga ranar ba ta ƙara wuce tsauni ba tare da ta duba ƙasa ba. Ta so ta ci gaba da karatun a Yamai, yajin aiki ya cinye shekarar, sai ta auri Abdurazak, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda da kansa yake riƙe mata jaka in za ta tsinta.

Amma tun bayan bikin aurensu, albashi ya tsaya, Abdurazak ya rame, Inna kuma ta fara haɗa wannan da wancan.

Da ya dawo da azahar, ko takalmi bai cire ba ta tare shi.

"Ka ga abin da kake kwana a kansa! Shi ya sa ko mi ta ce sai ka ce to. Ko ta zubar da su, ko ta koma gidansu. Ka zaɓa!"

"Haba Inna, albashin nan fa na kowa ne ya tsaya..."

"Ka ji ko? Har bakinka ta ɗaure!"

A ɗaki ya zauna bakin gado, ya kasa kallon matarsa.

"Balkisa, ki zubar da su mu samu lafiya. Ko ki kai gidan ƙawarki Sauda ki ɓoye."

"Malam, in na ɓoye, na yarda ke nan asiri ne."

A hankali ya ce, "Amma... duk daga tsauni kike samo su, ko? Babu mai ba ki?"

Wannan tambaya ta fi faɗan Inna ciwo. Hawaye suka zubo mata. Ta share, ta fita tsakar gida ta durƙusa.

"Inna, gobe ki zo mu tafi Bambeye tare, inda nake tsintarsu. In kin ga boka, ni da kaina zan kwashe kayana."

"Zan je kuwa! Ƙauyenmu ne, ba wanda zai ɓoye mini."

Washegari suka shiga mota su uku. Duk dattijon da Balkisa ta gaisar, sai Inna ta ƙura masa ido tun daga hula har takalmi. A tasha ta ja wani mai goro gefe ta tambaye shi ko yarinyar nan tana shiga gidan wani. Ya ce shi dai mahaukaciyar duwatsu ya san ana kiranta. Balkisa ta ji, ta ce, "Ni ce, Baba," ko kunya ba ta ji ba.

A gindin tsauni ta ɗauko guduma, ta zaɓi wani farin dutse ta buga. Ya rabe biyu, ga dodon koɗi a ciki, a naɗe tsaf.

"Dubi, Inna! Dubi layukan bayansa! Wannan a ruwa ya rayu, a nan inda muke tsaye!"

"Teku a Adar? Inda muke wuni a bakin rijiya? Ke kika ajiye shi, ni za ki yi wa wayo?"

Balkisa ta miƙa mata gudumar. "To ki zaɓa da hannunki."

Inna ta yi nisa da su, tana waiwaye, ta haye inda ko akuya ba ta cika bi ba. Ta fasa ɗaya, babu komai. Ta harari Balkisa. Ta fasa wani, ta tsaya. Ta daɗe a tsugune, har Abdurazak ya tsorata ya hau wurinta.

A tafin hannunta akwai wani ɗan dutse kewayayye, da zanen tauraro a bayansa.

"Na san wannan," in ji ta, muryarta ta sauya. "Muna yara na tara irinsu cikin ƙwarya. Babanmu ya gani ya ce kayan aljanu ne, ya zane ni, ya zuba su a rijiya. Kwana na yi ina kuka. Wallahi na manta."

Ta kalli Balkisa da ta iso tana haki. "'Yata, na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

"Ba komai, Inna."

Abdurazak ya sunkuyar da kai. "Ni ma, Balkisa. Ni da na sani, bai kamata in tambaya ba."

"Kai naka sai mun koma gida," ta ce, tana dariya da sauran hawaye a ido.

Albashi bai fito a watan ba, bai fito a na gaba ba. Amma Abdurazak ya kafa mata katako a falo, ta jera duwatsunta a fili, 'yan ajinsa suka riƙa zuwa kallo tana yi musu bayani har muryarta ta dushe. Maƙwabciyar da duk ta taɓe baki kuwa, Inna ce ke fara tare ta.

Saboda haka 'yan'uwa, abin da kuke so, in dai ba saɓon Allah ba ne, kada ku ɓoye shi don tsoron bakin mutane. Ku yi haƙuri ku bayyana shi. Iyaye kuma, kafin ku zargi abin da ba ku gane ba, ku je ku gani da idonku.