Zarto na Biyu a Shagon Pak Kasturi

Bayan an sauko daga Juma'a Sufeto Danardono ya isa shagon kujeru na Pak Kasturi a garin Jepara, Sajan Rukmini na biye da shi. Wutar shagon a kashe. Ma'aikata sun yi cirko-cirko a ƙofa, babu mai son shiga.

Injin zarto biyu ne a ciki, irin mai siririn ruwa da ke zagaya ƙafafu biyu. Ɗaya a tsakiya, na biyun a lungu, lulluɓe da tamfol. A gindin na biyun Pak Kasturi yake kwance babu rai, ƙeyarsa a fashe.

"Wa ya fara ganinsa?" Sufeto ya tambaya.

"Ni ne, Pak," in ji Gunadi, ƙanen matar mamacin, mai kula da ma'aikata, yana kiran Sufeto da lakabin girmamawar garin. "Daga masallaci na dawo na tarar da shi. Na sha gaya masa mu rabu da injin nan."

"Me ya sa?"

Mbah Sarkam, tsohon mai sassaƙa, ya amsa. "Akwai abu a jikinsa, Pak. Ya taɓa datse hannun wani, mutumin ya mutu. Shekara biyu ba mai kunna shi, amma wani lokaci in ka taɓa sai ka ji ɗumi."

"A gabanka aka yi?"

"A'a. Mas Gunadi ne ya ba mu labari."

A cikin gida Sufeto ya sami matar, Bu Winarsih, idanunta sun kumbura.

"Sati guda suna gardama," ta ce. "Maigida ya ce injin ya tare wuri, ɗaya ya ishe mu, gobe ma mai saye zai zo. Gunadi ya kafe sai an bar shi, wai saboda ranar da na farkon zai lalace."

Sufeto ya koma shagon shi kaɗai, ya yaye tamfol. Babu tsatsa ko ɗigo. Ya buɗe murfin ƙafar ƙasa. Garin katako ne maƙil, baƙi-baƙi, alhali itacen jati da shagon ke aiki da shi garinsa ɗorawa ne. Ya durƙusa ya zura hannu.

Injin ya yi gurnani.

Ya fizge hannunsa ya faɗi da baya. Ruwan zarton ya riga ya tsarge hannun rigarsa har gwiwa. Yana zaune a ƙasa yana kallon haƙoran ƙarfen suna gudu babu kowa kusa. Maganar tsohon ce ta fara zuwa masa.

Sai ya lura fitilun shagon ma sun kama.

"Pak! Na riƙe shi!" Muryar Sajan Rukmini ce daga bayan shago. Ta danne Gunadi a jikin akwatin wuta, inda ta same shi hannunsa a kan makunni.

Sufeto ya fito ya dubi tsohon. "Mbah, ka taɓa ganin Gunadi a sallar Juma'a?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Cewa yake wani masallacin yake zuwa."

Sufeto ya ware tafinsa a gaban Gunadi, baƙin garin ya manne da gumi. "Wannan itacen daga ina?"

Gunadi ya kalli garin, sannan ya buɗe baki.

"Daga dajin gwamnati ake sato shi. Duk Juma'a, in kowa ya tafi masallaci, ɓarayin su kawo, in yanka, su kwashe. Ni na ƙirƙiri labarin hannun don kada a matso. Yau ƙafar maigida ke ciwo, ya juyo daga hanya, ya same ni a kai. Ya ce zai kira ku. Guntun katako ne a hannuna, Pak. Sau ɗaya na buga."

Sajan ta sa masa ankwa. Bu Winarsih na tsaye a ƙofar gida, ta ji komai.

"Mbak..." Gunadi ya kira ta, kamar yadda ƙane ke kiran yayarsa.

"Ni na goya ka, Gun," ta ce a hankali. "Mijina ya koya maka riƙe zarto."

Ta shige ciki ta rufe ƙofa. Aka tura shi cikin mota.