Bakan da Zuwaira Ta Karya

Zuwaira ta kawo wa mahaifinta fura gona a Nahuce, sai ta tarar da wani baƙo a bakin shinge yana shafa reshen dargaza, waya a ɗaya hannun.

"Malam, lahiya kake lallashin icce?"

Ya juyo, ya ganta. Da ƙyar ya ce sunansa Zaharaddeen, kafinta ne daga Gusau, yana koyon sassaƙa baka ta bidiyo a intanet. Ta yi dariya har fura ta kusa zubewa. Ranar ya koma gida da reshe ɗaya da lambar waya ɗaya.

Soyayya ta kama su da gaske. Kullum da safe saƙonsa na shigowa: "Zuzu tawa, kin tashi lahiya? Tun asuba ke nika tunani." Ita kuma ta amsa: "Ƙarya kake, Zahar, iccenka kake tunani."

Mahaifinta Malam Arzika tsohon mafarauci ne, kuma da ya ji maganar neman aurenta bai ɓoye raininsa ba.

"Baka a waya? To shi kawo min wanda yas sassaƙa da hannunai kahin a gama yankan dawa. In na ja bai karye ba, shi turo magabatanai. In ya karye, kada in ƙara ganinai ƙohwar gidana."

Zaharaddeen ya duƙufa. Reshen nan ya riga ya yi watanni yana bushewa a inuwa. Ya riƙa kankare shi kaɗan-kaɗan, yana tura hoto zauren WhatsApp na masu koyon sana'ar, suna gyara masa. A zauren akwai wata Jamila 'yar Tsafe wadda ta fi kowa iyawa, ta kuma fi kowa saurin amsa masa. Zuwaira dai ba ta taɓa ganinta ba, amma ta tsani sunan kamar ciwon haƙori.

Wata la'asar ya zo zance da bakan a naɗe cikin zane. Ya ɗaura tsarkiya, ya miƙa mata yana murmushi. Daidai nan wayarsa da ke kan tabarma ta yi haske, idon Zuwaira ya riga nasa ganin saƙon Jamila.

"Ya yi kyau, gwanina. Kada ka bari a ja shi duka yanzu, sai ya saba a hankali."

"Gwaninta?" in ji Zuwaira.

"Zuzu, haka take ce ma kowa. Don Allah kada ki ja shi, bai saba ba."

"Au, ita tac ce kada a ja? To ni na ce a ja."

Ta ja tsarkiyar har kunnenta. Ƙas! Bakan ya rabu biyu a hannunta.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya tattara guntayen, ya ce a hankali, "Ɗanyen icce ba shi yin baka, Zuwaira, kuma ba ni da wani busasshe. Ga dawa ta nuna." Ya hau babur ya tafi.

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta tura masa: "Zahar, ka yahe min. A ina ake samun busasshe?" Amsar ta zo gajeriya: "Mutum ɗaya na sani da shi. Jamila. Kuma ba ni roƙonta, kada ki ce wani abu."

Washegari ta ce wa Inna za ta gaida gwaggonta a Tsafe. Ta gaida gwaggon kuwa, a tsaitsaye, sannan ta nemi gidan su Jamila. Duk hanya tana addu'ar ta same ta mummuna. Ba a karɓi addu'ar ba.

Jamila ta saurare ta har ƙarshe, hannunta duk ƙurar itace.

"Ba ni yi miki ƙarya, ina son shi," in ji ta. "Shi ne bai taɓa lura ba. Ko tambaya zai yi sai ya saka sunanki ciki."

Zuwaira ta danne kishinta. "To ki taimake ni duk da haka."

Jamila ta shiga ɗaki ta fito da sanda busasshiya, miƙaƙƙiya. "Na aje ta don kaina. Ki ce mai kada shi yi gaggawa."

Zuwaira da kanta ta kai masa shago a Gusau. Da ya ji inda ta samo, sai ya zauna a kan benci.

"Ke kika je?"

"Ni na je. Kuma kyakkyawa ce, kada ka ce ba ka lura ba."

"Wallahi ban taɓa ganinta ba, Zuzu."

"To kada ka fara."

Ranar da aka ɗaure damin ƙarshe, Malam Arzika ya tsaya a ƙofar gida ya karɓi sabon bakan. Zuwaira na leƙe ta bayan zana. Tsohon ya ja a hankali, itacen ya lanƙwasa, ya ƙara ja har kunne, ya riƙe. Bakan bai karye ba. Ya sassauta, ya juya bakan a hannunsa.

"Ka turo magabatanka ran Juma'a."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Nahuce. Jamila ta zo, Zuwaira ta rungume ta da zuciya ɗaya, sannan ta zaunar da ita nesa da inda ango zai wuce. Da za a fita da amarya, Malam Arzika ya ɗora hannu a kanta.

"Allah shi yi muku albarka, ɗiyata. Shi ba ku haƙuri da juna."

Gidan duka ya amsa da amin.