Giginyar Laraba

Bulala ta sauka a gadon bayan Laraba, amma ba ta saki giginyar ba. Ƙara ƙanƙame ta ma ta yi.

"Ki matsa, ko in raba ki da fatarki!" Harouna, gardi mai ɗamarar kumandan, ya daka mata tsawa.

"Sai dai ka sare mu tare!"

Kumandan na Magaria, Baturen mulki, ke son azara don rufin barikinsa, shi ya turo gardi da 'yan aikin tilas bakin koramar ƙauyensu, kusa da Waca. Bara sun kwashe giginyun ƙetaren koramar, damina ɗaya rairayi ya gangaro ya binne rabin idon ruwan. In aka sare na wannan gefen, korama ta mutu ke nan, garin ma sai ya tashi.

Kuma giginyun nan ba na daji ba ne. Duk jaririn da aka haifa a garin, bakin ruwa ake binne cibiyarsa a shuka ƙwallon giginya a kai. Ta Laraba ko isa azara ba ta yi ba, amma da ita Harouna ya fara. Mugun bai manta ranar da ta mayar masa da goronsa na neman aure ba.

Ya waiga cikin 'yan aikin, ya yi wata shu'umar dariya.

"Kai Illo! Ba kai ne masoyin ba? Karɓi gatari!"

Laraba ta ɗago kai. Illo, ɗan makiyaya, wanda babanta Barau, sarkin ruwa, ya kora daga zaure ranar da ya je neman aurenta. "Shanunku ke tattake mana gaɓa," ya ce masa a ranar. "Ko itace ɗaya ba ka da shi a nan, ba za ka san zafinta ba."

Illo ya matso da gatari a hannu.

"Laraba... sanyin idona, dube ni."

"In za ka sara, Illo, ka fara da wuyana..."

Ya ɗaga gatarin sama, ya juya, ya wurga shi can tsakiyar gurbi mai zurfi. Tsulum!

Gindin bindiga ya same shi a baki. Jini ya yi tsartuwa, haƙora suka zube a ƙasa. Harouna ya taka hannunsa na dama da takalmin ƙarfe har ƙashi ya ce ƙas!

"Wayyo Allah! Illo!"

Bai ko yi kuka ba. Da rarrafe ya isa gindin icen, ya miƙe yana tangaɗi, ya rufe bayan Laraba da jikinsa. Bulala ta ci gaba da sauka, tana jin kowace ɗaya a numfashinsa.

"Ka tafi, za ya kashe ka!"

"Riƙe icenki, Laraba. Ni na riƙe ki."

Sai ga Goggo Sa'a, tsohuwar da ko gani sosai ba ta yi, tana dogara sanda har gindin tata giginyar. Ta rungume ta. Mata suka biyo, maza suka biyo, kowa ya nufi tasa. 'Yan aikin suka zubar da gaturansu.

Harouna ya saita bindiga, ya rasa wa zai harba. Ya tofar da yawu, ya tisa ƙeyar Barau zuwa Magaria, tun da shi ne sarkin ruwa.

Tsohon ya sha duka a gidan kaso, sai bayan kaka aka sako shi, ya dawo yana ɗingishi. Azarar kuwa, wani dajin aka je aka nemo. Ko gida Barau bai shiga ba ya aika a kira Illo bakin korama.

Illo ya zo, hannunsa a shanye. Laraba na bayan giginyarta.

Barau ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro ƙwallon giginya.

"Baba, ai ba nan aka binne cibiyata ba..."

"Jininka ya zuba a nan, ɗana. Shuka ta kusa da ta matarka."

Illo ya durƙusa, ya kasa tona ramin da hannu ɗaya. Laraba ta fito tana kuka tana dariya, ta durƙusa gefensa, ta sa nata hannun cikin ƙasar.