Masaukin da Ya Karɓi Keken Mailafiya

Saura kaɗan a sha ruwa Mailafiya ya turo kekensa cikin lungunan unguwar Utaibiyya, a birnin Ɗakin Allah, yana neman wurin kwana. Goman ƙarshe ce ta azumi. Shekarar ta shige mini, amma ana zafi. Wata huɗu ya yi a kan keken nan tun daga Funtuwa, shi da wani matashi mai suna Uzair, sai teku kaɗai suka tsallaka a jirgin ruwa.

Da ma ba rasa masauki ya yi ba. Wani dattijo Bahaushe, Abdulmuhaimin, ya tarbe su a gidansa. Sai dai Uzair ya iya Larabci, shi aka rungume, shi aka yi ta ɗauka hoto, shi aka ba ɗaki mai na'urar sanyi. Mailafiya kuwa, da ya yi wa yaron faci ya fi sau ɗari, ya lallashe shi ranar da ya zauna cikin rairayi yana kuka zai koma gida, sai ji ya yi an ce wa Uzair, "Mai rakiyarka ya hau saman bene, akwai tabarma."

"Baba, mu kwana ɗakin tare mana," in ji Uzair.

"Sha sanyinka, ranka ya daɗe. Mai rakiya zai nemi nasa."

Gida uku ya shiga na saukar baƙi. Biyu suka ce a cike suke. Na ukun ya ce shi ya shigo, keke ya kwana waje, ya ƙi. Aka kira magariba, lungu ya watse. Ƙamshin sambusa, ƙarar cokula ta tagogi. Ya tuna yanzu Uzair na gaban faranti, abin ya tokare masa ƙirji fiye da ƙishirwa.

Ya karya wata kwana, sai duk ƙarar ta ɗauke.

Ƙofar katako ce a buɗe. Wani tsoho na zaune a bakinta, rawaninsa ya yi ja da ƙura.

"Baƙo ne?" Da Hausa ya tambaya, murya ƙasa ƙasa. "Wakafi ne, gidan sadaka na masu zuwa daga nesa. Shigo da abin hawanka."

Ciki duhu, sai fitilar aci-bal-bal guda. Warin tsohuwar salka da gumi. Mutane jere jikin bango, sun miƙe ƙafafu, ba mai takalmi. Faso ya tsattsaga dugadugansu. Ba dabino a gabansu, ba ruwa. Mailafiya ya jingine keke, ya yi sallama, ya zauna. Ba wanda ya amsa.

Ba kuma fuskarsa suke kallo ba. Ƙaurinsa suke kallo.

"Wata nawa ka yi a hanya?" in ji wani daga lungu.

"Huɗu."

Wani irin numfashi ya zaga ɗakin.

"Ni shekara tara, a ƙafa."

"Ni goma sha ɗaya. Na noma audugar mutane a Sudan."

"Ka ga Ɗakin Allah?"

"Gobe, in sha Allahu."

"Mu ba mu gan shi ba," in ji tsohon, ya turo ƙofa da ƙafarsa. "Kullum muna fita. Kullum hanyar tana ƙara tsawo. Kai kuma wata huɗu, a zaune."

Tayar keken ta baya ta fara juyawa ita kaɗai. Kas, kas, kas.

Hannu ya sauka a ƙaurinsa na hagu. Sanyi kamar ƙarfe. Wani ya kama gwiwar.

"Ara mana ƙafafun."

Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi. Sanyin na hawa cinya.

Sai muryar Uzair daga waje. "Baba Mailafiya? Baba, kana ina? Na kawo maka abin buɗa baki."

Hannuwan suka tsaya. Tsohon ya sunkuyo dab da kunnensa, ba ɗumin numfashi.

"Na yaro sun fi. Ce masa ya shigo, mu bar maka naka."

Mailafiya ya dubi ƙofar. Ya tuna hotunan. Ya tuna ɗakin sanyi. Takun Uzair na matsowa. Ƙofar ta fara buɗewa da kanta.

Bai ce komai ba.

Inuwar yaron ta faɗo kan dokin ƙofa.

"Kada ka shigo!" Mailafiya ya daka tsawa.

Ya faɗi rubda ciki, ya ja jiki da gwiwar hannu. Farata suka bi ƙafarsa ta hagu. Uzair ya yar da kwano, ya kamo shi ta wuyan riga, ya fizgo shi waje.

Ƙarar cokula ta dawo. A bayansu ba komai sai kango da tarin bulo, ba ƙofa, ba keke.

Ƙafar hagun ba ta ƙara jin zafi ko sanyi ba, jan ta yake yi. Washegari a kafaɗar Uzair ya rataya ya yi ɗawafi, zagaye bakwai. Yaron ya yi ta gaya wa mutanen gidan Abdulmuhaimin cewa Baba ne ya ceci ransa, aka dawo da Mailafiya ɗakin sanyi, aka yi ta ɗaukarsa hoto. Bai taɓa duban ko ɗaya ba. Duk sanda Uzair ya fara labarin, sai ya sunkuyar da kai, don shi kaɗai ya san taku nawa ya bari yaron ya yi kafin ya buɗe baki.