Mai Kiran Sunan 'Yar Fari

Ku matso kusa, tunda an ɗauke wuta. Kai, bar wasa da tocilan nan. Labarin Haladu mai gyaran wuta zan ba ku, wanda kuke tsokana da kurma don ba ya amsa kira bayan magariba. Wallahi kunnensa garau yake.

Da damina abin ya faru. An yi ruwa da iska tun la'asar, waya ta tsinke a bayan gari, can inda taransifoma take, kusa da tsohuwar marinar da aka daina rini. Haladu da hannunsa ya kashe layin. Abokan aikinsa suka koma ɗauko tsani, suka bar shi yana gadin waya.

Haladu kuwa ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya zauna, ya miƙe. Ya leƙa hanya, ya dawo. Gari ya fara rufawa, kwaɗi suka cika wurin da kuka. Can sai suka yi tsit gaba ɗaya.

A cikin shirun nan ya ji shessheƙa.

Wata 'yar ƙaramar yarinya ce tsugune a jikin ragar taransifoma, takalmi ƙafa ɗaya, riga sharkaf. Ya ɗauke ta, ya lulluɓa mata rigar ruwansa. Jikinta sai ɓari yake.

"Ke 'yar gidan wa ce?"

"Akuyarmu na biyo, Baba. Na ɓata."

"Ya sunanki?"

Ta buɗe baki ke nan, wata murya ta riga ta.

"Raliya."

Wata doguwar mace ce ke tahowa daga wajen marina, lulluɓe da baƙin zane.

"Raliya, zo mu tafi gida. Sannu da aiki, Malam. Miƙo min ita."

Haladu ya yi hamdala. Har ya ɗaga ƙafa, sai ya ga wani abu ja a ƙirjinsa. Testarsa ce, ɗan sukudireban nan da suke gwada wuta da shi, maƙale a aljihu. Tana ci. Testa kuwa ba ta kamawa sai ta taɓa wuta, ga shi layi a kashe yake.

Ya ja da baya, hasken testar ya dushe. Matar ta matso, testar ta ƙara yin ja.

Ya kalli ƙasa. Taɓo har idon sawu, amma hanyar da matar ta biyo sumul take, babu sawu ko ɗaya. Zanenta a bushe ƙamas.

"Raliya," ta sake cewa. Wannan karon akwai gurnani a ƙarƙashin muryar, irin na taransifoma idan kaya sun yi mata yawa.

Yarinyar ta leƙo, ta ƙara ƙanƙame wuyansa.

"Fuskar Innata ce," ta raɗa masa. "Amma Baba, ni 'yar fari ce. Innata ba ta taɓa faɗin sunana ba."

Kun dai san wannan. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, kunya ba ta barinta. Waccan ta aro fuska, ta aro murya, ta manta ba ta aro kunya ba.

"Kada ki amsa," in ji Haladu. "Ko sau nawa ta kira."

"Malam, 'yata ce fa."

"To, mu je gaban mai unguwa."

"Miƙo ta."

Ba a ga tafiyarta ba, sai ga ta a gabansa, hannu a miƙe. Masu aikin wuta suna da ƙa'ida. Abin da ba ka yarda da shi ba, ba ka kama shi da tafin hannu, don in wuta ce, yatsu za su damƙe, babu saki. Da bayan hannu ake taɓawa. Jikin Haladu ya riga tunaninsa, ya kaɗe hannun nan da bayan hannunsa.

Sanyi ya ratsa shi har ƙwaƙwalwa. Aka yi jifa da shi cikin taɓo, amma bai saki yarinyar ba. Ya miƙe, ya saɓa ta a kafaɗa, ya ranta a na kare. Addu'a yake yi tana sarƙe masa a baki. A bayansa ana ta kira a hankali, ba haki, ba gaggawa. Raliya. Raliya. Ya toshe bakin yarinyar da hannu yana gudu.

A bakin gari ya yi kiciɓis da mutane ɗauke da tocila. A gabansu wata mace ce ba takalmi, ɗankwali ya faɗi, murya ta dashe.

"Ke! Ke 'yar nan! Ina kike?"

Fuskarta iri ɗaya ce sak da ta waccan. Haladu ya tsaya cak. Ya dubi testa, a mace. Ya dubi ƙasa, ga sawun matar nan ya lume cikin taɓo. Duk tashin hankalin nan, ba ta kama sunan ba. Sai ya sauke mata 'yarta, ta durƙushe tana kuka, shi ma idonsa ya kawo ruwa.

Uban yarinyar ya fito daga cikin mutanen, ya riƙe hannunsa.

"Malam, ya sunanka? Mu sa ka a addu'a."

Nan ya yi kuskure. Yana haki, da ƙarfi ya faɗa.

"Haladu."

Kowa ya ce Allah ya saka. Shi kaɗai ya ji abin da ya taso daga wajen marina, a hankali, kamar mai koyon sabuwar kalma.

"Haladu."

Har yau bayan hannunsa shuɗi ne kamar an tsoma a rini, sabulu ya kasa. Har yau kuma, in magariba ta yi, matarsa tafi take yi masa in tana son magana da shi. Ya ce wani lokaci da muryarta ake kiran, wani lokaci da ta mahaifiyarsa.

Saboda haka kada wanda ya bi hanyar marina shi kaɗai. In kuma kun ji sunanku daga duhu, ku yi gum, ko da muryar tawa ce.