Rabin Ƙwayar Wasila

"Ki ƙara mata, Shafa'atu! Ki riƙa ba ta bibbiyu!"

"Malam, malamin asibiti cewa ya yi ɗaya da safe, ɗaya da yamma..."

"Shi ke jin kukanta ko mu?"

Matata ta rungume kwalbar kamar zan ƙwace. Na fice raina a ɓace.

Wasila ɗiyata ce ta fari. Saboda kunyar ɗan fari bakina bai taɓa kiran sunanta ba, "yarinyar nan" nake cewa. Tun da aka yaye ta mahaifiyata, Iya, ta ɗauke ta. A ɗakinta ta girma, kwano ɗaya suke ci.

Bayan doguwar jinyar da Wasila ta yi da bazara, sai ta tashi da ciwon ƙafa. Tafinta na zafi kamar ta taka garwashi, amma in ta taka garwashin gaske ba ta ji. Na kai ta Gusau, aka ce jijiyoyi ne suka raunana, aka ba mu ƙwayar da suke kira bitamin. Damina ta yi nisa, sauƙin kaɗan ne.

Ga kuma Mas'udu, ɗan Tsafe, tela a Sabon Garin Gusau. An ba shi ita, an sa biki bayan kaka. Sai baffansa ya aiko cewa in aka kai hatsi rumbu ba ta tsaya da ƙafarta ba, sun janye. Mas'udu maraya ne, baffan ya rene shi, ba ya iya musa masa.

Abin da ya sa nake so a ninka maganin ke nan.

Ran kasuwa Mas'udu ya zo gidanmu a Bungudu a kekensa bayan la'asar. Ya tsuguna ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe, na zagaya bayan danga ina gyaran igiyar akuya. Ba don in saurara ba... to, Allah dai ya sani.

"Hasken idona, yaya ƙafa?" na ji ya ce wa Wasila.

"Da sauƙi."

"Kullum da sauƙi! Ni da na ga kin dafa bango kafin ki zauna?"

"Ashe tela ya koma likita."

"Wurin likitan na fito. Innarki ta aiko in tambaya ko a ninka miki. Ya ce kada a ƙara ko ɗaya sai ya gan ki. Abin da ya yanka ya isa, in dai ana sha. Wasila... kina sha?"



"Ina shan... rabi."

"Rabi?!"

"Iya ma ƙafarta na zafi, Mas'udu, ɓoyewa take. Tun ina ƙarama, ko ƙuli-ƙuli ta samu sai ta raba ta ba ni babban. Yaya zan haɗiye magani ita tana juyi a gabana? In Inna ta miƙo mini, sai in shiga ɗaki in fasa da haƙori."

"Kin san abin da Baffa ya ce?"

"Na sani. In ka bi maganarsa ba zan ga laifinka ba. Shi ya rene ka... kamar yadda ta rene ni."

"Ki bari, don Allah! Yau kika ƙara shiga raina. Amma rabin nan bai warkar da ke ba, bai warkar da ita ba, masoyiyata."

Igiya ta faɗi daga hannuna. Ina ta faɗan a ba ta biyu, ashe ko ɗayan ba ta samu.

Sai ga Iya ta leƙo, dafe da sanda.

"Ja'ira! Ba ce mini kika yi likita ya ce a riƙa sam wa tsofaffi ba?"

"Iya, gobe ke ce amaryata," in ji Mas'udu. "Zan goya ki a keke har Gusau."

"Keken naka mai kukan gyare? Matsiyacin miji! A mota za a kai ni."

A motar muka kai ta. Malamin asibiti ya duba ta, ya yanka mata nata daban da na Wasila, ya ce su yawaita wake da gyaɗa da hanta. Mas'udu ya ɗaura jan zare a kwalba ɗaya, baƙi a ɗaya, don kada su cakuɗe. Daga nan ya wuce Tsafe, ya durƙusa wa baffansa, ya roƙi a jira har a yanke dawa.

Ni dai kullum idona na kan tafiyar yarinyar nan, ba na iya tambaya.

Wata hantsi muna jera dammunan dawa a tsakar gida, sai ihu.

"Wayyo ƙafata!"

Na juya. Tana tsalle da ƙafa ɗaya, tana kuka tana dariya. Ƙaya ce ta soke ta.

"Baba, na ji! Na ji ta sarai!"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wasila!"

Shafa'atu ta rufe baki da gyale.

"To, yau an zubar da kunya," in ji Iya, tana share ido.

Na tsuguna na zare ƙayar da hannuna.

Baffan Mas'udu da kansa ya zo ɗaurin aure. Ranar kai amarya aka kawo doki ƙofar gida don a kai ta bakin mota, Wasila ta ce a bar shi. Da ƙafarta ta taka har bakin mota, Iya na riƙe da hannunta.