Shafuka Ukun Da Jan Biro Ya Soke

A kamfanin buga littattafan, kowa da labarin da yake bayarwa a kan Jan Biro. Mai ɗinkin littattafai ya ce da telanci ya fara. Sakatariya ta ce a bakin kotu ta san shi yana buga wa mutane takardu, kafin ya koma karanta labarai a rediyo. Sun dai yarda da abu ɗaya: da gemunsa ya shiga aji, kuma yau babu editan da ya kai shi ido.

Ranar da Auta ta kawo tarihin rayuwar babanta, wanda ya rubuta da hannunsa, ta tarar da Jan Biro a gefen taga, hasken hantsi kwance a kan takardunsa. Ya ɗago kai. Ta manta abin da ta shirya faɗa.

"Zauna mana," ya ce. "Kujerar ba ta cizo."

Wata biyu tana zuwa duba aiki, ko babu abin dubawa. Ita ke zuba, shi yana saurare kamar ba shi da wani aiki a duniya. Wata rana saƙonsa ya shigo: "Tauraruwata, yau layi ɗaya na karanta sau tara. Laifinki ne."

Da zancen aure ya taso, Baba bai so ba. "Mai sana'a huɗu? Gobe ya ajiye ki kamar yadda ya ajiye keken ɗinki. Ga ɗan aminina mai kantin magani yana jira." Da ƙyar ya fara saukowa, sai ga littafin ya dawo.

Sau huɗu Baba ya rubuta ranar da ya fara ganin marigayiya mahaifiyar Auta tana shanya. Jan Biro ya bar ɗaya, ya soke uku, ya rubuta a gefe: "Maimaici."

Baba ya rufe littafin. "Wanda ya ga uwarki ta yi yawa ba zai zauna mini a falo ba."

Auta ta tura wa Jan Biro saƙo: "A na farko rigarta ya tuna. A na biyu dariyarta. Na huɗun, satin da ta rasu ya rubuta shi. Ka ma karanta kuwa?"

Wasiƙa biyu ya aiko, Baba bai buɗe ko ɗaya ba. Ran Asabar da safe sai ga shi da kansa. Daga bayan labule Auta ta ga ya durƙusa, ya buɗe rubutun, ya karanta duka huɗun a hankali, da muryar nan tasa ta rediyo. A na ƙarshe muryar ta karye.

Baba ya daɗe yana goge tabarau.

"Ka turo manyanka," ya ce. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ka abin da za ka maimaita."

Jan Biro bai tashi ba.

"Baba, ban gama ba. Da ido na karanta, ban saurara ba. Na yi kuskure. Ka yafe mini."